Daga Mehrauli zuwa Dhar: Bin Sawun Tsatsar da Ta Tsare Ƙarfe

Yawancin baƙin da ke zuwa Mehrauli, a kudancin birnin Delhi na ƙasar Indiya, hasumiya ce ke kawo su. Kutub Minar ta kai mita 72 da rabi, an gina ta da jan dutse, an ƙawata samanta da farin marmara, kuma tun daga nesa ake hango kanta ta tsakanin itatuwa. Kutubuddin Aibak ne ya aza harsashinta wajen shekarar 1199, surukinsa Iltutmish ya ɗora a kai, sannan Firoz Shah Tughlak ya sake gina samanta a ƙarni na 14 bayan tsawa ta faɗa mata. Matafiyin da ya sauka a tashar jirgin ƙasa na cikin gari zai tarar da kekuna masu ƙafa uku sun yi layi, kore da ruwan ɗorawa, irin waɗanda mutanen Kano ke kira a-daidaita-sahu (akasarin na Kanon ma daga masana'antun Indiya ake kawo su). Cikin 'yan mintoci za su dire shi a bakin ƙofa, ya yanki tikiti, ya bi ayarin 'yan makaranta da iyalai da Turawa masu kyamara, kowa kansa a ɗage.

Sai wanda ya sauke kai zai lura da abin da ya girmi hasumiyar da shekara kusan ɗari takwas. A tsakiyar farfajiyar masallacin Kuwwatul Islam, wanda aka fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 12, akwai wani ginshiƙin ƙarfe baƙi-baƙi, siriri in aka gwada shi da manyan bakunan gine-ginen da ke bayansa. Tsawonsa duka mita 7.21 ne, wajen mita ɗaya na binne a ƙasa, kaurinsa kimanin santimita 41, nauyinsa kuwa ya haura tan 6. An ƙera shi wajen shekara ta 400 Miladiyya, zamanin daular Gupta. Damina sama da dubu ɗaya da ɗari shida ta sauka a kansa, rana ta gasa shi iya gashi, amma rubutun da aka sassaƙa a jikinsa yana nan ana karantawa, harafi bayan harafi.

Rubutun layi shida ne, cikin harshen Sanskirit da haruffan Birahmi. Yabon wani sarki ne mai suna Chandra, da labarin yaƙe-yaƙensa, da bayanin cewa ya kafa ginshiƙin a kan wani tsauni mai suna Vishnupada domin abin bautarsa Vishnu. Akasarin masana tarihi sun tafi a kan cewa Chandragupta na Biyu ake nufi, wanda ya yi mulki daga wajen 375 zuwa wajen 415. Yau ba a barin kowa ya taɓa ginshiƙin. Da can al'ada ce mutum ya jingina bayansa da shi, ya zagaya hannuwansa ta baya. In yatsunsa suka haɗu, wai buƙatarsa za ta biya. Gogar jiki da gumin dubban mutane suka canza launin ƙasan ƙarfen, har hukuma ta kewaye shi da shinge a 1997.

Masu yi wa baƙi jagora sukan ce ginshiƙin ba ya tsatsa, littattafan yawon buɗe ido su maimaita. Maganar ba haka take ba. Wanda ya matso jikin shingen da safe, lokacin da rana ke dukan ƙarfen ta gefe, zai ga launin ya kasu: wani wuri baƙi mai sheƙi, wani wuri ja-ja mai duhu, can sama kusa da adon kansa kuma ruwan ƙasa. Wannan duka tsatsa ce. A 1961, shekarar da hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya ta cika shekara ɗari, an tona gindin ginshiƙin, aka tarar ɓangaren da ke binne cikin danshin ƙasa ya ci tsatsa sosai, ba kamar na sarari ba. Ashe tambayar da ta dace ba ita ce me ya hana shi tsatsa ba. Tambayar ita ce me ya sa tsatsar da ta kama jikinsa na waje ta tsaya a fata, ba ta ci gaba da cin naman ƙarfen ba.

Kafin a samu amsa, an sha shaci-faɗi. A 1968 wani marubuci ɗan ƙasar Suwizalan, Erich von Däniken, ya sa ginshiƙin cikin jerin abubuwan da yake ganin sun fi ƙarfin mutanen da, yana nuni da cewa ilimin daga wata duniya ya sauko. Daga baya shi da kansa ya janye batun ginshiƙin. Irin wannan zance ya wuce kuskure, ƙwace ne, domin yana raba maƙeran da suka sha zafin wuta da aikin hannunsu.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Ba narkar da ƙarfen aka yi aka zuba a mazubi ba. Tama ake loda wa murhun yumɓu tare da gawayi, a yi ta zuga har zafin ya kai wajen digiri 1,200, gawayin ya zare iskar oksijin daga tamar, a fito da dunƙulen ƙarfe mai ramuka cakuɗe da kashin maƙera. Kowane dunƙule nauyinsa kilo 20 zuwa 30. Sai a mayar da shi wuta ya yi ja, a ɗora a kan wanda ya gabace shi, a yi ta kirɓa da masaba har su zama abu ɗaya. Wanda ya raba tan shida da wannan nauyi zai ga ana maganar dunƙule ɗari biyu zuwa ɗari uku, kowanne sai ya manne da ɗan'uwansa tun bai huce ba. Maƙerin ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a hanyar ba. Da irinta aka fitar da ƙarfe daga tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, mutanen Nok kuma a Taruga tun kafin nan da ƙarnoni. Girman aikin ne ya bambanta, da yawan hannun da ya buƙata, da tsarin da zai sa murhu da yawa su yi ta haihuwar ƙarfe iri ɗaya ba tare da an samu tsaiko ba.

Awo na farko da ya yi suna shi ne na Robert Hadfield, masanin ƙarafa na birnin Shefil a Ingila, a 1912. Ya samu cewa kashi 99.72 cikin ɗari ƙarfe ne zalla, kabon kaɗan, kibiritu kusan babu, amma sinadarin fosfaras ya kai kashi 0.114. Awon da aka yi daga baya a wasu sassan ginshiƙin ya ba da matsakaicin da ya kai wajen kashi 0.25. A idon injiniyan zamani wannan aibi ne. Fosfaras yana sa ƙarfe ya yi gautsi, ya tsage in an buge shi da sanyinsa, shi ya sa masana'antu ke matse shi ƙasa da kashi 0.05. Tun 1878, lokacin da Sidney Gilchrist Thomas da ɗan'uwansa Percy Gilchrist suka gano yadda ake jan fosfaras daga narkakken ƙarfe da farar ƙasa, duniyar ƙarafa take korarsa. Maƙeran Gupta ba sa zuba farar ƙasa a murhunsu, don haka fosfaras ɗin tamarsu ya zauna cikin ƙarfen.

Wasu masanan suka ce sirrin ba a ƙarfen yake ba, a iskar Delhi yake. Suna da hujja. Ƙarfe ba ya tsatsa da sauri sai laimar iska ta haura wajen kashi 70 cikin ɗari, Delhi kuwa a bushe take mafi yawan shekara, in ban da watannin damina daga Yuli zuwa Satumba. Ga kuma girman ginshiƙin: tan shida na ƙarfe yana shan zafin yini ya riƙe, raɓar dare ba ta daɗewa a jikinsa. Haka muhawarar ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, masu ƙarfe a gefe, masu iska a gefe, kafin a zauna a karanta tsatsar kanta dalla-dalla.

Don jin yadda aka karanta ta, sai matafiyi ya kama hanyar Kanfur. Daga tashar Sabon Delhi jirgin safe yana cin wajen kilomita 440 cikin kimanin awa biyar, ya ratsa Aligarh da Itawa, ta cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin kogin Ganga da na Yamuna. A lokacin sanyi gonakin alkama ne kore shar, da furen mustad ruwan ɗorawa, da dogayen bututun hayaƙin masu gasa bulo. Wanda ƙarfe ya kawo shi kuwa idonsa ba ya barin gefen layin dogo. Tsofaffin taragai a ajiye, tarin dogon da aka cire, ƙafafun gadoji, duka sun yi ja kamar an barbaɗa musu garin bulo, wasu har suna ɓarewa falle-falle. Wannan ita ce tsatsar da kowa ya sani. Ruwa da oksijin suna haɗuwa da ƙarfe, abin da suka haifa ya fi ƙarfen da ya ci girma ninki-ninki, ga shi da ƙofofi, sai ya kumbura ya tsage, ruwa ya sake samun hanya zuwa sabon wuri. Wata ƙungiyar injiniyoyin tsatsa ta duniya mai suna NACE ta ƙiyasta a rahotonta na 2016 cewa wannan ɓarna tana cin wajen dala tiriliyan 2.5 a shekara, kimanin kashi 3.4 cikin ɗari na abin da duniya ke samarwa.

Kanfur birnin masana'antu ne a bakin Ganga, ya yi suna da majemu da kayan fata, ga hayaƙi, ga cunkoso. Cibiyar Fasaha ta Indiya da ke can, wadda aka kafa a 1959, tana wajen gari ne a Kalyanfur. Da an shige ƙofarta ƙarar hon ta yanke, sai inuwar itatuwa, ɗalibai a kan kekuna, da dawisu na ƙetare titi ba ya ko waiwaye. A sashen nazarin ƙarafa na nan ne Farfesa R. Balasubramaniam ya ba ginshiƙin Delhi mafi kyawun shekarun rayuwarsa, daga shekarun 1990 har rasuwarsa a 2009. Shi da abokin aikinsa A. V. Ramesh Kumar sun samu tsatsa daga can sama, daf da ƙarƙashin adon kan ginshiƙin, inda hannun masu neman sa'a bai taɓa kaiwa ba. Wato tsatsa mafi tsufa, wadda ba a dame ta ba. Sakamakon ya fito a mujallar Corrosion Science a shekarar 2000.

Na'ura uku suka gwada ta da su, kuma a nan ne hasken infirared ya nuna amfaninsa.

Labarin wannan haske ya faro daga 1800. William Herschel, masanin taurari a Ingila, ya ratsa hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku ya baje shi launi-launi irin na bakan gizo, yana auna zafin kowane launi. Da ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai awon ya hau fiye da ko'ina. Akwai haske ke nan a wurin, ido ne ba ya kama shi. Shekara ɗari bayan haka William Coblentz a Amurka ya zauna ya auna yadda ɗaruruwan sinadarai ke shan wannan haske, ya wallafa a 1905, aka ga kowane sinadari da nasa salon sha.

Dalilin shi ne ƙwayoyin zarra da ke ɗaure da juna ba a sandare suke ba. Kullum cikin rawa suke, suna miƙewa suna lanƙwasa, kuma kowane ɗauri yana da saurin rawarsa, kamar yadda kowace tsirkiyar garaya ke da muryarta gwargwadon kaurinta da ɗaurinta. In hasken da aka haska ya zo daidai da saurin rawar wani ɗauri, sai ɗaurin ya shanye shi. Na'urar tana aika haske mai faɗi, daga lamba 4,000 zuwa 400 a ma'aunin da masu aikin ke amfani da shi, wato yawan igiyar haske cikin santimita ɗaya, ta duba wanne ya fito, wanne aka shanye. Na'urorin da ake aiki da su tun ƙarshen shekarun 1960 ba sa bin launi ɗaya-ɗaya. Suna raba hasken biyu, su buga shi a madubi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya na motsi, bisa dabarar Albert Michelson, sannan kwamfuta ta warware abin da ya dawo da lissafin Joseph Fourier na Faransa. Daga nan sunan FTIR ya fito. Aikin da ke cin awanni a da, yanzu minti ɗaya ya ishe shi.

Wanda ya leƙa irin wannan ɗakin gwaji yana sa ran ganin abin al'ajabi zai tarar da akwati ne kawai a kan tebur, da kwamfuta a gefe. Gwanintar tana ga shirya samfurin. Ana ɗiban tsatsa miligiram ɗaya ko biyu, a haɗa da wajen ninki ɗari na wani farin gishiri mai suna fotasiyam biromaid, wanda infirared ke ratsawa ba ya sha. A niƙa su lukui a ɗan turmin dutse, a zuba a mazubi, a danne da nauyin tan takwas zuwa goma, sai garin ya koma 'yar ƙwaya mai faɗin milimita 13 da ake ganin haske ta cikinta. Gishirin mayen ruwa ne, in aka yi sakaci ya sha laima sai layin ruwa ya rufe abin da ake nema, shi ya sa ake adana shi a busasshen wuri, ake kuma yin aikin da hanzari. Daga nan a sa ƙwayar a hanyar haske, a danna maɓalli, layi mai hawa da sauka ya bayyana a allo.

Mai karanta layin nan ya san tsatsa ba abu ɗaya ba ce, dangi ne. Akwai lefidokurosait mai launin lemo, wadda ke fara fitowa, tana shan haske a wajen 1,020 da 750. Akwai gotait mai ruwan ƙasa, wadda aka sa wa sunan marubucin Jamus Goethe, ta fi ta farko zama daram, alamarta tagwaye ce a wajen 890 da 795. Akwai baƙar magnetait a wajen 570. A bakin teku, inda gishiri ke cikin iska, akwai akaganait mai ɓoye sinadarin kulorin a cikinta, wadda masu adana kayan tarihi ke tsoro. Biyun farko dai daga ƙarfe da oksijin da ruwa suke, amma ginin ƙwayoyinsu ya bambanta, kuma wannan bambancin ne ke yanke hukuncin ko tsatsar za ta kare ƙarfe ko za ta cinye shi.

Da aka sa tsatsar Delhi a na'urar eksire, abu ɗaya ya fito fili: wani gishirin ƙarfe da fosfaras mai ruwa a jikinsa, wanda ƙwayoyinsa suka jeru tsaf. Sauran kuwa shiru. Ba don babu su ba, sai don eksire tsari yake gani. Abin da ƙwayoyinsa ba su jeru sahu-sahu ba, ya wuce ta kansa. Infirared bai damu da sahu ba, ɗauri yake ji. Shi ne ya tona cewa a cikin garin nan akwai gotait, akwai lefidokurosait, akwai magnetait, akwai alamar fosfet a tsakanin 1,000 da 1,100, kuma akwai wata tsatsa marar tsari da ake kira misawait. An sa mata sunan ne don girmama Misawa, masanin Japan da ya nuna a shekarun 1970 cewa irinta ce ke kare ƙarafan da ake barin su a sarari ba fenti. Na'ura ta uku, wadda ke aiki da abin da Rudolf Mössbauer na Jamus ya gano har ya ci kyautar Nobel a 1961, ta tabbatar da cewa ƙwayoyin waɗannan tsatsa ƙanana ne ainun. Da eksire kaɗai aka dogara, da an ga rabin labarin an ɗauka shi ne duka.

Daga waɗannan layuka Balasubramaniam ya jera yadda abin ya faru. Da farko ginshiƙin ya yi tsatsa kamar kowane ƙarfe, wataƙila ma da sauri, domin ɓurɓushin kashin maƙera da ke cikinsa yana hanzarta cin ƙarfen da ke kewaye da shi. Amma yayin da ƙarfen fatar ke narkewa, fosfaras yana taruwa a tsakanin lafiyayyen ƙarfe da tsatsa. Taruwarsa ta taimaka wa misawait ta shimfiɗu, matsattsiya, ta toshe ƙofofin. Sannan sauyin jiƙa da bushewa, damina bayan rani, raɓa bayan rana, ya sa fosfaras ɗin ya zama ruwan asid mai rauni, ya kama ƙarfe, ya kwanta a matsayin fosfet. Da tafiya ta yi nisa fosfet ɗin ya jeru ya ƙara tauri. Kaurin rigar da aka samu bayan ƙarni goma sha shida bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba.

Wannan bayani bai kori masu batun iska ba, ya ba su gurbinsu ne. Ba don bushewar da ke bin kowace jiƙa ba, da fosfet bai kwanta ba, kuma gindin da ke cikin ƙasa mai danshi shaida ne. Adalci shi ne a ce ƙarfen da iskar sun yi aikin tare. Maƙeran Gupta ba su san sunan fosfaras ba, amma wanda ya iya haɗa dunƙule ɗari biyu ba tare da ƙarfe mai gautsi ya tsage a hannunsa ba, ya san tamarsa, ya san wutarsa, ya san lokacin duka da lokacin dakatawa. Sanin hannu ne, kuma bai gaza sanin takarda daraja ba.

Fannin bai tsaya a niƙa gari ba. Tun 1966 Robert Greenler a Amurka ya nuna cewa in aka kwantar da hasken infirared ya shafi fuskar ƙarfe mai sheƙi ta gefe sosai, ana iya jin ɗaurin abin da ya kwanta a kai ko da bai wuce kaurin 'yan ƙwayoyi ba. Da wannan dabara masu bincike irin su Christofer Leygraf a Istokholm ta Suwidin suka riƙa sa ƙarfe a akwatin da suke sarrafa laimarsa da hayaƙinsa, suna kallon tsatsa tun daga awanninta na farko. Su suna ganin haihuwarta, Kanfur ta ga tsufanta. A Kanfur ɗin ma ba tarihi kaɗai aka nema ba. Balasubramaniam da ɗalibansa sun narka ƙarafa masu fosfaras sun gwada su cikin ruwa irin na cikin kankare, don ganin ko za su yi rodin gini mai jure tsatsa, sun kuma yi aiki da hukumar jiragen ƙasa kan dogon da aka ƙara wa jan ƙarfe da nikel da kuromiyam saboda layukan bakin teku.

Daga Kanfur hanya ta yi kudu maso yamma zuwa jihar Madhya Pradesh. Kusa da garin Vidisha, ba nisa da Sanchi, akwai tsaunin Udayagiri mai kogunan da aka sassaƙa cikin dutse, ɗayansu na ɗauke da rubutun shekara ta 401 zuwa 402 mai ambaton Chandragupta na Biyu. Balasubramaniam da masaniyar tarihin zane Meera Dass sun kawo hujjar cewa nan ne tsaunin Vishnupada, kuma Iltutmish ne ya ɗauke ginshiƙin zuwa Delhi bayan ya ci Vidisha wajen 1234. Wata ruwaya kuma ta jingina ɗaukar ga sarki Anangpal na gidan Tomar a ƙarni na 11. Tsaunin Udayagiri tsit yake, baƙi kaɗan ne, kuma rabin yini ya isa a zaga shi.

Dhar ce ta fi cancantar wahalar hanya. Garin yana wajen kilomita 60 yamma da Indor, kuma a harabar wani tsohon masallaci da ake kira Lat Masjid akwai ɗan'uwan ginshiƙin Delhi, sai dai shi a kwance yake, kashi uku. In aka haɗa tsawon gutsattsarin ya haura mita 13, nauyinsu ya zarce tan 7. Ana jingina shi ga sarki Bhoja na ƙarni na 11. Babban guntun ya karye ne a 1531, lokacin da Bahadur Shah na Gujarat ya yi yunƙurin ɗauke shi zuwa ƙasarsa. Sarki Akbar ya bar rubutu a jikinsa da ya yada zango a garin, kuma yadda rubutun ya kwanta ya nuna cewa tun lokacin ƙarfen yana ƙasa. Shekaru da dama babban guntun yana jingine a karkace, yaran unguwa suna sulu a kansa har wani sashe ya yi santsi, kafin hukumar kayan tarihi ta jera su uku a kan dakali a 1980.

A nan mutum yana iya tsugunawa ya ga abin da shingen Mehrauli ke hana shi gani. Ƙasan ginshiƙin mai kusurwa huɗu ne, can gaba ya koma mai kusurwa takwas. Ga sawun masaba, ga layin da dunƙule ya haɗu da dunƙule, ga ƙananan ramuka a jikinsa da ake ganin nan maƙera ke soka sanduna su juya shi a kan wuta. A bakin karayar ana ganin cikin ƙarfen, ba sumul ba, da alamun inda haɗin bai kama sosai ba. Wannan ƙarfe ya sha faɗuwa, ya kwanta a turɓaya ƙarnoni, ruwan damina ya kwanta masa a jiki, duk da haka kusurwoyinsa ba su zagwanye ba. Balasubramaniam da Ramesh Kumar sun ɗebi tsatsarsa shi ma sun bi da ita ta na'urorin nan, suka wallafa a 2003. Infirared ya sake nuna gotait da lefidokurosait da magnetait da misawait, da alamar fosfet, a ƙarfen da wasu maƙeran daban suka ƙera shekara ɗari shida bayan na Delhi, a wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomita. Masu auna gutsattsarin sun lura cewa bakin na biyu da na uku ba su dace da juna ba, don haka suna ganin akwai guntu na huɗu da ya ɓace. In aka lissafa da shi, ginshiƙin Dhar a tsayensa ya kusa ninka na Mehrauli.